Yadda Sandar Golf Ta Sassauta wa Mai Koyo

A ƙasar Sikotlan, inda Sarki James na Biyu ya haramta wasan golf a shekarar 1457 saboda yana shagaltar da samari daga koyon harbin baka, da itace ake sassaƙa sandunan wasan, kuma babu masassaƙin da ya damu da halin mai koyo. Ko da ƙarfe ya maye gurbin itace a jikin sanda, abin da hukumar dokokin wasan da ke St Andrews ba ta halatta ba sai a 1929, kan sandar ƙarfe bai daina zama siriri ba, wanda in ƙwallo bai dace da tsakiyarsa ba, sai ya karkace ya nufi ciyawa, tafin mai bugu kuma ya ɗauki zogi.

Sauƙi ya zo ne ta hannun Karsten Solheim, injiniya haifaffen ƙasar Norwe mazaunin Amurka, wanda shi kansa bai fara wasan ba sai da ya haura shekara arba'in, wataƙila shi ya sa ya san ciwon. A 1959 ya ƙera sandarsa ta farko a garejin gidansa, ya raɗa mata suna Ping saboda ƙarar da take yi. Hikimarsa ita ce rarake bayan kan sanda da mayar da nauyinsa gefe-gefe, ta yadda ko bugu ya kauce, kan ba zai juya ƙwarai ba. Gwanaye sun kushe surarta da fari, amma irinta malaman wasan ke zaɓar wa ɗalibansu a yau.