Doki da Linzami: Daga Girka zuwa Damargu

A Tanut ko Belbeji, in aka ce zuciya ta ɗebi mutum, ana nufin hankalinsa ya saki linzami. Wannan kwatanci ya daɗe a duniya. Aflatun, wanda ya rasu wajen shekara ta 347 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kasa rai kashi uku: hankali a bisa, fushi da sha'awa a ƙarƙashinsa, tamkar mai tuƙa keken doki da dawakai biyu, ɗaya mai jin linzami, ɗaya mai tutsu. Almajirinsa Aristotal ya ƙara da cewa zaɓi buƙata ce wadda aka auna da tunani. Don haka, a ganinsa, yaro da dabba suna yin abu da son ransu, amma ba za a ce sun zaɓa ba.

Zancen bai iso ƙasar Hausa kai tsaye ba. A ƙarni na 9 aka fassara littattafan likita Jalinus, mai bin wannan rabo na Aflatun, zuwa Larabci a Bagadaza. Daga bisani Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya sake wa kwatancin sirdi cikin Ihya'u Ulumiddin: hankali mahayi ne da ya fita farauta, sha'awa dokinsa, fushi kuwa karensa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ɗebi abubuwa da yawa daga wannan littafi, kuma hanyar ayari ta Agadas zuwa Kano, wadda ta ratsa Damargu, ba gishiri kaɗai ta ɗauka ba, har da littattafai.

Sai dai malamanmu dokin suka karɓa, suka bar wa Aristotal ra'ayinsa cewa mutum ne tushen aikinsa. A aƙidar Sanusi da ake karantarwa a zaure, Allah ke halittar aiki, bawa kuwa kasabi ne rabonsa, kuma a kansa za a yi masa hisabi.