Asalin Dacewar Fi'ili da Fa'ili a Turanci

Duk wanda ya taɓa zama a ofis yana rubuta wasiƙu da Turanci ya san akwai wani ɗan harafi guda da ya fi sauran jawo wa akawu kunya. Harafin nan shi ne s, wanda a kan liƙa wa ƙarshen fi'ili. In mai aikin ɗaya ne a ce the clerk writes, in kuwa suna da yawa a ce the clerks write. Watau in s ya hau kan suna yawa ya ke nufi, in ya hau kan fi'ili ɗaya ya ke nufi. Saboda mantuwa da shi an sha komo wa akawu da takardarsa an ja layi da jar tawada, yara da yawa kuma sun faɗi jarrabawa. Ya kamata fa mu san inda wannan ƙa'ida ta fito, gama abin da mutum ya san asalinsa ya fi zama masa a kai.

Mu fara da namu. A Hausa fi'ili ba ya sakewa don mai aiki. Mu kan ce ya tafi, ta tafi, sun tafi. Tafi yana nan yadda ya ke, ƙaramar kalmar da ke gabansa ita ke ɗauke da nauyin. Wanda ya karanta nahawun Larabci kuwa ya san can fi'ili da kansa ke sake kama, ya bi fa'ilinsa wajen mace da namiji, ɗaya da biyu da jam'i. To, Turanci na farko ya fi kusa da halin Larabci bisa ga na yanzu.

Cikin ƙarni na 5 waɗansu kabilu uku, Angles da Saxons da Jutes, suka ƙetaro teku daga arewacin Jamus da Danmak suka zauna a tsibirin Birtaniya. Daga sunan Angles aka sami Ingila da Ingilishi. A harshensu kowane fa'ili da wutsiyar da ya ke sa wa fi'ili. In mutum zai ce ina waƙa sai ya ce singe, kana waƙa singest, yana waƙa singeth, muna ko suna waƙa singath. Ko ba a ambaci mai aiki ba, wutsiyar ta kan nuna shi. Haka a ke rubutu a zamanin Sarki Alfred, wanda ya yi mulki daga 871 zuwa 899. Shi kuwa s na jam'in suna daga wata wutsiya dabam ya fito, watau as: dutse stan, duwatsu stanas. Ashe s biyun nan da ke ruɗa mu ba 'yan gida ɗaya ba ne, kama ce kawai ta haɗa su.

Abu na farko da ya raunana wutsiyoyin nan shi ne furucin mutanen. Sun saba danna gaɓar farko ta kalma su sassauta ta ƙarshe, har kunne ya daina rarrabe eth da ath. Na biyu kuwa baƙi ne. Cikin 793 mayaƙan teku daga Danmak da Norwe, waɗanda a ke kira Vikings, suka washe tsibirin Lindisfarne. Cikin 865 suka zo da babbar runduna, shekara ta kewayo suka ci birnin York, suka zauna a arewa da gabashin Ingila, suka yi auratayya da 'yan ƙasa. Harsunan biyu dangin juna ne, saiwar kalmomi ta yi kama, wutsiyoyi ne suka bambanta. Wanda ya ga yadda a ke ciniki a kasuwar da kabilu suka haɗu ya san abin da kan faru: a riƙe gangar jikin kalma, a yar da ƙarshenta. Daga wajen baƙin nan Turanci ya ari they da them da their.

A wannan yanki na arewa ne aka fara ganin s a ƙarshen fi'ili. Cikin ƙarni na 10 wani limamin Kirista mai suna Aldred ya rubuta fassarar Turanci tsakanin layukan Linjilar Lindisfarne, kamar yadda malamanmu kan yi wa littafi ta'aliƙi, a ciki kuwa yana sa es da as a wuraren da mutanen kudu ke sa eth da ath. Malamai sun kasu a kan dalili. Waɗansu sun ce tasirin baƙin nan ne, waɗansu kuma sun ce s ɗin da a ke sa wa fi'ilin wanda a ke magana da shi ne ya yaɗu zuwa sauran.

Sa'an nan cikin 1066 Wiliyam na Normandi ya ci Ingila a yaƙin Hastings. Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a, Latin na ilmi, Turanci ya koma bakin talakawa. Wajen shekara ɗari uku babu wata fada mai tsare shi, kowane yanki ya bi hanyarsa. Ko da aka yi doka cikin 1362 a riƙa shari'a da Turanci, an riga an rabu kashi uku wajen fi'ilin jam'i: kudu eth, tsakiya en, arewa es. Chaucer, babban mawaƙin Landan wanda ya mutu cikin 1400, eth ya ke sa wa mufuradi, en ga jam'i. Da ya so ya kwaikwayi maganar waɗansu samari 'yan arewa cikin wata hikaya tasa, sai ya sa musu s, don mutanen Landan su ji su san baƙi ne. Dubi ikon Allah, abin da a ke gane baƙauye da shi jiya, shi ne ma'aunin ilmi yau.

Sannu a hankali en na jam'i ya faɗi, fi'ilin jam'i ya zauna ba wutsiya. Shi kuwa s ya biyo fatake da masu neman aiki zuwa Landan. William Caxton ya kafa injin buga littattafai a Westminster cikin 1476, maganar Landan ta zama abin koyi. A zamanin Shakespeare, 1564 zuwa 1616, eth da s suna kokawa, shi kansa ya kan yi amfani da duka biyu. Fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611 ta riƙe eth don kwarjininsa. Amma cikin 1643 wani malamin makaranta, Richard Hodges, ya rubuta cewa ko da ya ke a kan rubuta eth, a baki s a ke faɗi. Hath da doth ne suka daɗe, su ma daga baya has da does suka ture su.

Sauran wutsiya guda, watau est, tare da thou ta tafi. Da can thou na mutum ɗaya ne, you na jama'a. Sai aka kwaikwayi Faransawa, aka riƙa ce wa babba you don girmamawa, har thou ya zama kamar raini. Cikin ƙarni na 17 ya fita daga maganar Landan, sai 'yan ɗarikar Quaker, mabiyan George Fox, suka nace masa. Da you ya zama na ɗaya da na yawa, mutane suka riƙa cewa you was ga ɗaya, you were ga jama'a, har manyan marubuta. Robert Lowth, wanda daga baya ya zama Bishop na Landan, ya kushe wannan cikin littafin nahawunsa na 1762. Lindley Murray, haifaffen Amurka, ya bi sawunsa cikin 1795, littafinsa ya cika makarantu. Tun daga nan you were ya tabbata. Kalmomi irin su can da may kuwa ba su taɓa ɗaukar s ba, don asalinsu siffar aikin da ya wuce gare su, ita kuwa ba ta da wannan wutsiya.

Wannan Turanci na littafi shi ne ya iso ƙasarmu, aka koyar da shi a Kwalejin Katsina da aka yi bikin buɗewa cikin 1922, daga nan ya shiga ofisoshin En'e. Amma ko a ƙasarsa bai gama cin kowa ba. A waɗansu sassan arewacin Ingila da Sikotlan a kan ji the birds sings, amma they sing. A wajen Norfolk a kan ji he go, ba s ko kaɗan. Har wa yau mutumin Ingila ya kan rubuta the government are in yana duban mutanen da ke ciki, Ba'amurke kuwa the government is ya fi so.

Abin da za mu ɗauka a nan biyu ne. Na ɗaya, kada wanda ya yi kuskuren s ya ɗauka kansa ne ba ya ja, kada kuma mai gyara ya raina shi, gama masu harshen sun yi shekara wajen ɗari bakwai kafin su tsaya a kan magana guda. Na biyu, tun da an tsaya, wajibi ne mai rubutu ya kiyaye, don takarda ita ce fuskar mai ita a inda ƙafarsa ba ta je ba. Dabarar kuwa mai sauƙi ce. Kafin ka sa hannu, ka nemi fa'ili na ainihi, kada sunan da ke maƙwabtaka da fi'ili ya ruɗe ka. A cikin the list of names is ready, list ne fa'ili, shi ya sa aka ce is. In ka same shi, tambayi kanka da Hausa: ya ne, ko ta, ko sun? In ya ne ko ta, aikin kuma na yanzu ne, ba fi'ili s ɗinsa. In sun ne, bar shi haka nan. Allah ya sa mu dace.