Asalin Garin Ohara da Ɗakunan Ibadarsa

A arewacin birnin Kiyoto na ƙasar Japan akwai wani ƙauye a cikin kwari, duwatsu sun kewaye shi, ana ce da shi Ohara. Wanda ya hau bas daga tashar jirgin ƙasa ta Kiyoto, kamar awa guda zai yi ya sauka. Abin da zai fara gani gonaki ne, da gidajen manoma, da ƙoramu. Amma a wannan ɗan wuri akwai ɗakunan ibada na addinin Buddha waɗanda sunansu ya game ƙasar Japan. Ga yadda aka yi suka zo ƙauye.

A shekarar 788 wani malamin addinin Buddha, sunansa Saicho, ya hau dutsen Hiyei ya kafa ɗan ɗakin ibada a bisansa. A 794 Sarki Kanmu ya mai da fadarsa Kiyoto, a gindin dutsen. Mutanen wancan zamani sun gaskata cewa ta arewa maso gabas sharri ke shigowa gari, ga shi kuwa ta nan dutsen yake, saboda haka aka ɗauki malaman da ke kansa a matsayin masu tsaron birni. Saicho ya tafi ƙasar Sin neman ilimi a 804, ya komo da ɗarikar da ake kira Tendai. Wurin nasa, wanda daga baya aka raɗa wa suna Enryakuji, ya yi ta bunƙasa, sarakuna na ba shi filaye, 'ya'yan manya na shigowa. Da dukiya ta taru sai rigima ta biyo ta, har malaman suka tara mayaƙa, suna saukowa birni da makamai don fada ta biya musu buƙata.

Masu son ibada tsantsa suka ga zama ya gagara. Sai suka riƙa gangarowa kwarin Ohara, inda babu kowa sai manoma da masu saran itace. A 1013 wani malami, Jakugen, ya gina Shorin-in. A 1109 wani kuma, Ryonin, ya gina Raigo-in, kuma shi ne ya fito da sunan garin. Gwani ne wajen rera karatun littattafan addininsu, abin da suke kira shomyo, wanda Ennin, almajirin Saicho, ya kawo daga Sin. Ryonin ya tattara salon rerawar, ya tsara shi, almajirai suka yi ta zuwa koyo. Ƙoramu biyu da ke gangarowa ta wurin, Ryo da Ritsu, daga salo biyu na wannan rerawa suka sami suna. Can sama akwai inda ruwa ke zubowa daga kan dutse. An ce nan Ryonin ke tsayawa yana horar da muryarsa, har wata rana muryar ta saje da ƙarar ruwan, aka daina jin ruwan. Har gobe Otonashi suke kiran wurin, wato marar ƙara.

Amma labarin da ya fi kama zuciya yana ɗaya gefen kwarin, a wani ƙaramin ɗakin ibada na mata, Jakko-in. A ƙarni na 12 gidaje biyu na mayaƙa, Taira da Minamoto, suka yi ta gwabzawa kan mulki. Shugaban gidan Taira, Kiyomori, ya aurar wa sarki 'yarsa Tokuko, ta haifi ɗa, Antoku, aka naɗa shi sarki tun bai san hannunsa na dama ba. A 1185 aka yi karon ƙarshe a teku, a Dan-no-ura, gidan Taira ya karye. Kakar yaron ta wajen uwa ta rungume shi ta faɗa ruwa da shi, yana ɗan shekara shida. Uwar ma ta faɗa, amma abokan gaba suka tsamo ta da rai. A yini guda ta rasa ɗa, da uwa, da dangi. Ta aske kanta ta shiga zuhudu, kafin shekarar ta fita ta koma Ohara, ta zauna a wata 'yar bukka kusa da Jakko-in tana yi wa mamatanta addu'a har ƙarshen rayuwarta. Littafin Heike, wanda ya ba da tarihin wannan yaƙi, ya kawo yadda surukinta, tsohon sarki Go-Shirakawa, ya je ya gan ta a 1186, da yadda suka zauna suka yi kuka. Ni a ganina, duk wanda ya je Ohara ya tsallake wannan wuri bai ga garin ba. A shekarar 2000 wani ya cinna wa babban ɗakin wuta da dare, ya ƙone, aka sake gina shi a 2005 bisa tsohon fasalinsa.

Sanzen-in, wanda yawancin baƙi ke tururuwa dominsa, shi ne baƙo a garin. Tushensa daga dutsen Hiyei yake, 'ya'yan gidan sarauta ne ke shugabancinsa, ya yi ta ƙaura daga wuri zuwa wuri, sai a 1871 ya zauna a Ohara. A cikin lambunsa, wanda gansakuka ta shimfiɗe a ƙarƙashin dogayen itatuwa, akwai wani tsohon ɗaki da ya riga shi zuwa. Ciki akwai mutum-mutumin Buddha mai suna Amida da mataimakansa biyu, aikin shekarar 1148. Mataimakan a durƙushe suke, sun ɗan sunkuyo gaba, domin masu wannan addini sun gaskata cewa haka suke zuwa taryen mai barin duniya.

Kada a manta da 'yan garin, don su ne suka riƙe waɗannan baƙi. Shekaru aru-aru matan Ohara ke ɗora damin itacen girki a ka, su taka har Kiyoto su sayar, kamar yadda matan Fulani ke shigo da nono gari. Ana ce musu oharame, an san su da tufafinsu masu launin baba. Da gas da lantarki suka shigo sana'ar ta mutu, sai dai bikin tunawa da su da ake yi duk shekara. Abin da bai mutu ba shi ne shibazuke: gauta da kokwamba ne ake jerawa da gishiri da wani jan ganye mai ƙamshi, shiso, a danne su a bar su su yi tsami. An ce da shi mutanen ƙauyen suka riƙa gaishe da sarauniya Tokuko a bukkarta. Manoman Ohara na noman jan ganyen har yanzu, su yanke shi da bazara, kuma duk ranar Lahadi da sassafe suna cin kasuwa, mutanen birni na zuwa sayen kayan lambu daga hannunsu.