2.3 Tarihin Gano Aikin Ƙwayoyin Garkuwar Jiki a Ginin Zuciyar Ɗan Tayi

A wannan sashe za a dubi yadda fahimtar masana ta sauya game da ƙwayoyin garkuwar jiki, musamman waɗanda ake kira makrofaj, wato masu haɗiye duk wani baƙon abu da ya shiga jiki.

Wani masani ɗan ƙasar Rasha, Elie Metchnikoff, shi ne ya fara bayyana aikinsu a shekarar 1882 a garin Messina na Italiya. Ya soka ƙaya a jikin tsutsar wata halittar teku, washegari ya tarar ƙwayoyin sun yi wa ƙayar zobe. Wannan aiki ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1908. Tun daga lokacin aka ɗauke su a matsayin dakarun jiki, kuma a ganin mai wannan nazari, wannan laƙabi ne ya daɗe yana rufe idon masana daga sauran ayyukansu.

Daga baya aka gane cewa makrofaj na farko suna samuwa ne a jakar gwaiduwar ɗan tayi, tun kafin ɓargo ya fara haɗa jini, sannan su shiga zuciya su zauna. Binciken da aka yi a kan ɓeraye a Amurka a 2016 ya nuna idan babu su, jijiyoyin da ke ciyar da zuciya ba sa tsaruwa daidai. Wani binciken na 2019 ya nuna makrofaj ne ke sassaƙe ƙyamaren zuciya har su yi siririn da ya kamata. Ashe dakarun nan magina ne.

Abin lura a nan shi ne lokaci. Zuciyar ɗan tayi tana fara bugawa wajen kwana 22, ta kuma kammala rabuwa ɗaki huɗu wajen mako na takwas, lokacin da mata da yawa a ƙauyukan Bodinga da Shagari ba su ma fara zuwa awon ciki ba. Tun 1941 Norman Gregg, likitan ido a Ostireliya, ya nuna cewa rubela, wato ƙyandar Jamus, idan ta kama uwa a waɗannan makonni takan lalata zuciyar jariri. Amma sai a 2025 Nijeriya ta fara gangamin rigakafinta, Jihar Sakkwato na cikin rukunin farko.