Tasirin Gwiwoyi da Mahaɗai a Lissafin Faɗin Bututun Gas na Cikin Gini

Tsakure

Maƙalar ta kwatanta hanyoyi biyu na lissafin asarar matsi a gwiwoyi da mahaɗan bututun gas: ƙara wani kaso a dunƙule a kan tsawon layi, da ƙirga kowace gwiwa ɗaya bayan ɗaya. Sakamako ya nuna hanyar farko tana yaudara a gajeren layi mai yawan lanƙwasa.

Gabatarwa

Gas na shiga gini ne da ɗan ƙaramin matsi, don haka babu rarar da za a yi wasa da ita. A Birtaniya yana fitowa daga na'urar awo da milibar 21, kuma ƙa'idar BS 6891 ba ta yarda asara ta wuce milibar 1 ba kafin ya kai murhu. Jadawalan NFPA 54 na Amurka da aka fi amfani da su sun tsaya a kan rabin inci na ruwa, kimanin milibar 1.25. Idan asara ta zarce haka, wuta kan yi rauni, ƙonewa ta ƙi cika, a samu iska mai guba a ɗaki.

Hanyar bincike

An yi amfani da tsarin lissafi na Pole: Q = 0.0071 √(h d⁵ / s l). Q shi ne yawan gas a awa, h asarar matsi, d faɗin cikin bututu, s nauyin gas idan an gwada da iska, l kuma tsawo. An ɗauki ɗakin girki mai buƙatar kilowat 45 na gas ɗin ƙasa, wato kubik mita 4.2 a awa, nauyinsa 0.6. Layin na jan ƙarfe ne mai milimita 22, cikinsa kusan 20, tsawonsa mita 12, da gwiwoyi 8 da mahaɗai masu baki uku guda 2. An bi tsohon awon BS 6891, mai ɗaukar kowace gwiwa ko mahaɗi a matsayin ƙarin rabin mita.

Sakamako da tattaunawa

Idan an manta da gwiwoyin gaba ɗaya, asara ta tsaya a milibar 0.79, sai a ga kamar komai lafiya. Da aka ƙara kashi 20 cikin ɗari a dunƙule, tsawo ya koma mita 14.4, asara 0.94, nan ma layin ya tsallake. Amma da aka ƙirga su, mita 5 suka ƙaru, tsawo ya zama 17, asara ta kai 1.12. Layin ya faɗi.

Dalili a fili yake. Yawan gwiwoyi ba tsawon layi yake bi ba, fasalin gini yake bi: a kewaye ƙofa, a kauce wa ginshiƙi, a sauko bayan murhu. Mita 5 ɗin nan sun haura kashi 40 na layi mai mita 12, alhali a layi mai mita 40 kashi 12.5 ne kacal. Kenan kason dunƙule yana sa a kashe kuɗi a banza a dogon layi, ya kuma gaza a gajere, inda haɗarin ya fi kusa da mai girki.

Maganin ba shi da tsada sosai, domin faɗi na ninka kansa ne sau biyar (d⁵) a lissafin. Bututu mai milimita 28, cikinsa kusan 26, ya sauko da asarar zuwa 0.30.

Akwai batun da ya shafi Kaduna da Kano, inda bututun gas ɗin ƙasa na AKK mai kilomita 614 ya nufa. Layukan da ake shimfiɗawa yanzu a otal-otal da gidajen abinci na gas ɗin tukunya ne, wanda ƙarfinsa ya fi na gas ɗin ƙasa yawa a kowace kubik mita. Furofen, wani nau'in gas ɗin tukunya, mai ba da kilowat 45 kubik mita 1.7 kawai yake buƙata a awa, kuma ko da nauyinsa na 1.5, asararsa ba ta kai rabin ta gas ɗin ƙasa ba. Layin da ya wadatar da gas ɗin tukunya ba lalle ya wadatar da na ƙasa ba. Duk ginin da za a sauya wa gas, wajibi ne a sake lissafin bututunsa daga farko, a ƙirga kowace gwiwa, kafin a buɗe masa layi.