Wa Zai Hau Kujerar? Tarihin Unguwar Radburn

A wannan makon za mu leƙa wata unguwa a Amurka, inda tambaya ɗaya ta kai mutane kotu, daga baya har majalisar dokoki: idan kujera ta zama babu kowa a kwamitin ƙungiyar masu gidaje, wa ke da ikon cewa ga wanda zai hau?

An kafa Radburn a 1929 a garin Fair Lawn na jihar New Jersey. Clarence Stein da Henry Wright ne suka tsara ta, suka raba hanyar motoci da ta masu tafiya a ƙasa, yadda yaro zai je makaranta ba tare da ya tsallaka babban titi ba. Karyewar tattalin arzikin da ta fara a shekarar ta durƙusar da kamfanin da ke ginin, ba a kammala garin yadda aka yi niyya ba. Amma ƙungiyar da aka kafa don kula da filayen shaƙatawa da wuraren ninƙaya ta rayu. Duk mai gida yana biyan ta kuɗi, kuma sai da izininta zai canza fuskar gidansa.

A wancan lokacin, matsalar tana cikin kundin ƙungiyar. Ana yin zaɓe, amma 'yan kwamitin amintattu da ke kan kujeru su ne ke fitar da sunayen 'yan takara. Mazauna za su jefa ƙuri'a, sai dai a kan mutanen da aka riga aka tace musu. Wanda ya saba sukar kwamiti kuwa, ta ina sunansa zai fito? Haka aka yi ta tafiya shekaru da dama.

Daga baya wasu mazauna suka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tunda su ke biyan kuɗin, a bar su su tsayar da wanda suke so. Suka kai ƙara, ba su yi nasara ba. A 2010 kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta bar tsarin yadda yake. Sai suka juya ga 'yan majalisa. A watan Yulin 2017 Gwamna Chris Christie ya sa hannu a dokar da ake kira Dokar Radburn, wadda ta shafi irin waɗannan ƙungiyoyi a faɗin jihar.

Dokar ta ba duk mai gidan da ba a bin sa bashin ƙungiya damar tsayawa takara da jefa ƙuri'a. Ta hana hawa kujera ta hanyar naɗi, sai idan gurbi ya samu, kamar wani ya rasu, ko ya ajiye muƙami, ko an tsige shi. Nan sauran 'yan kwamiti na iya naɗa wani don kada aiki ya tsaya. Ƙa'idojin da suka biyo baya a 2020 suka ƙara da cewa kujerar da aka cike da naɗi dole ta koma gaban masu zaɓe cikin shekara guda. Wato wanda aka naɗa riƙon ƙwarya yake yi.

Abin da muka ɗauka a nan shi ne, mai ikon rubuta sunayen 'yan takara ya fi mai jefa ƙuri'a ƙarfi. Mu ma muna da ƙungiyoyin unguwa da na marubuta, kuma da yawanmu ba mu taɓa buɗe kundinsu mu ga abin da ya ce idan ma'aji ya sauka a tsakiyar wa'adi ba. Mu duba tun kafin ranar ta zo, domin bayan rigima ta ɓarke kowa fassarar da ta yi masa daɗi zai kawo.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.