Daidai Yadi, Daidai Riga: Tarihin Karin Maganar Ingila a Kan Tsaka-tsaki

Ana saura kwana goma Sallah, wani tela daga Zangon Kumasi ya kira ni a shirina na safe, ransa a ɓace. Wai wata mata ta kawo masa yadi huɗu, tana son riga da zane da ɗankwali, har da 'yar rigar yarinya. Ya rufe kukansa da karin maganar nan ta Turanci da yaran makaranta suka haddace a Ghana, cewa kowa ya yanka rigarsa daidai girman jikinsa. Yana ajiye waya sai wani dattijo, tsohon malamin makaranta, ya kira ya ce: "Ɗana, gyara kaɗan. Turawa daidai yadinsa suka ce, ba daidai jikinsa ba." Gaskiyarsa, kuma bambancin babba ne: jiki halitta ce, yadi kuwa ƙarfin aljihu ne. Gyaran Malam ne ya sa na bi sawun waɗannan maganganu zuwa inda suka fito.

Sawun ya kai ni shekarar 1546, lokacin da John Heywood, mawaƙi kuma marubucin wasan kwaikwayo a fadar Sarki Henry na 8, ya buga littafin da ya tattara karin maganar Ingilishi. A ciki akwai wannan ta riga da yadi. Akwai wadda ke cewa abin da ya ishe ka daidai yake da walima, da wadda ke cewa gaggawa na jawo asara, da kuma rabin burodi ya fi babu. Mu ma muna da irinsu: daidai ruwa daidai tsaki, sauri ya haifi nawa, da babu gara ba daɗi. Heywood ba shi ya ƙirƙire su ba, a bakin mutane ya tsince su.

To, wane hali mutanen ke ciki? Tun 1544 Sarki Henry, wanda yaƙi da Faransa da Sikotland ya cinye wa baitulmali, ya fara rage azurfar da ke cikin kuɗin ƙasa yana cika su da tagulla. Da sulalla suka sha hannu, sai jan tagulla ya riƙa bayyana a kan hancin hotonsa, har aka yi masa laƙabi da mai hancin tagulla. Kaya suka yi tsada. Wato a daidai lokacin da ake tuna wa talaka cewa rabin burodi ya fi babu, sarkin da kansa ne ke rage masa burodin.

Zancen yadi ma ya girmi Heywood. Bayan annobar da ta kashe ɗimbin jama'a a 1348 da 1349, ma'aikata suka yi ƙaranci, ladan ƙwadago ya tashi, talakawa suka fara sa tufafi masu kyau. Manya ba su ji daɗi ba. A 1351 aka yi dokar danne lada, a 1363 kuma aka yi dokar abinci da sutura. Ta ce manomi ko makiyayin da dukiyarsa ba ta kai sule 40 ba, kada ya sa komai sai yadi mai kauri mai araha. Dokar ba ta yi ƙarko ba, amma an yi ta kafa irinta har zuwa 1604, lokacin da aka soke su. Ke nan a Ingila ta wancan zamani, ba talauci kaɗai ke auna wa mutum yadinsa ba, har da hukuma.

Akwai kuma wadda ta zo ta ɗaya gefen, mai cewa yaron da ba ya komai sai aiki, babu wasa, dolo yake zama. Ta bayyana a tarin karin maganar da James Howell ya buga a 1659. Ku duba shekarar. A 1642 majalisa ta rufe gidajen wasan kwaikwayo na Landan, a 1647 ta hana bikin Kirsimeti. Howell ɗan goyon bayan sarauta ne, ya yi shekaru a kurkuku a hannun majalisar. Shekara guda bayan littafinsa, a 1660, sarauta ta dawo, gidajen wasa suka sake buɗewa. A nan tsanani ne ya wuce gona da iri, ba almubazzaranci ba, karin magana kuma ta ja kunne a kansa.

Abin da na fahimta shi ne, yawan karin magana a kan tsaka-tsaki bai nuna cewa mutanen Ingila sun fi kowa sanin daidai ba. Ba a neman magani sai inda ciwo yake.

Wannan bai zubar da darajarsu ba. Matar nan mai yadi huɗu dole ta haƙura da abu ɗaya, kuma wanda ya ci bashi don bikin kwana uku shi zai kwana da tunanin biya. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne a Landan, haka yake a Kumasi. Sai dai a ƙarshen 2022, da hauhawar farashi a Ghana ta haura kashi 50 cikin 100, sau da yawa na ji masu hali suna yi wa marasa hali wa'azin tsuke bakin aljihu. Tun daga ranar da Malam ya yi mana gyara, duk baƙon da ya kawo mini wannan karin magana a shiri, nakan yarda da shi, sannan in tambaye shi: ranka ya daɗe, wa ya auna yadin?